Komaye a Bayan Tasha

Bayan tasha, inda dogo ya gaji ya tsaya,
nan Ƙaurar Namoda ta bar mana fili a gefen rafi.
Komaye talatin ne, ko talatin da ɗaya.
Nawa na tara, in ka ƙirgo daga tsamiya,
na goma in Labbo ne mai ƙirgar,
don shi har yau yana sa na matarsa a lissafi,
wanda jiji ya cinye damina shida.

Ba mu da takarda.
Igiyar guga ce ta raba mu, mai ƙulli uku.
Arzika mai awo ya ja ta tun ina goye,
ya ce, "Daga nan zuwa nan, na Kulu."
Kulu uwata ce. Ta tafi, iyaka ta zauna.

Ran da na fara sara da hannuna,
ƙasa ta fito shuɗiya a bakin fartanya.
Na yar, na ja da baya ina a'uziyya.
Tsohuwa Tumba ta yi dariya har ta zauna a kunya:
"Katsi ne, ɗiyata. Karofi kike takawa.
Nan kakanki ya tsoma hannu har gwiwa.
Da farce baƙi aka kai shi,
ruwan wankan gawa bai fid da shi ba."

Tun ran nan da ƙarfe nake karatu.

Komin Baba Alabi ya haifi ƙusar dogo,
tsatsa ta ci ta, kan nata na nan.
Jirgi ya kawo ubansa, wai kwana biyu zai yi,
kwana biyun ya yi jikoki tara.
Lalo yake shukawa, yana kiransa da wani suna,
mu da namu tuwo, shi da nasa,
yauƙin dai ɗaya ne.

Ƙarƙashin albasar Nomau dutsen sikeli ya fito,
na zamanin da gyaɗa ke jiran jirgi buhu kan buhu.
Tumba ta tofa masa yawu,
ta ce shi ya cinye wa ubanta jaki.
Nomau bai ce uffan ba.
Ya kai shi bakin shinge ya danne ƙyaure,
kada awaki su shiga.

Mukan yi faɗa, kada in ɓoye.
Kan kamun ruwa an taɓa fasa guga,
an yi wata biyu ba gaisuwa
saboda kabewa guda da ta yi yaɗo ta ƙetare iyaka.
Ranar suna aka dafa ta, kowa ya sha miya.

Bana wasu suka shigo daga ƙauye, ba biki ya kawo su ba.
Cikinsu akwai Hantsi, da yara uku da tukunya ɗaya.
Kullum tana tsaye bayan shinge,
tana kallon yakuwa kamar mai kallon dangi.
Labbo ya gan ta Talata, ya gan ta Laraba.
Alhamis ya zo da lauje,
ya durƙusa kan komin da ba ya bari a taka.
Bai yi magana ba sai da ƙasa ta bayyana,
sannan ya ce, "Ba ya son ruwa da yawa. Haka mai shi take."

Jiya ina gyara mata kwalbatin ruwa
fartanya ta yi ƙara. Makulli ne, da zare ja.
Na miƙa mata. Ta juya shi a tafi.
"Na ɗakina ne," ta ce. "Ɗakin ba ƙofa yanzu."
Ta tona da yatsa kusa da tattasai,
ta sa shi, ta rufe, ta taka da diddige.

Wata rana wata yarinya za ta yi sara a nan.
Allah ya sa akwai tsohuwa kusa.

Da yamma na ƙirgo daga tsamiya.
Nawa na goma ne.